Yadda ake koyon aikin kula da mutane, daga neman gurbi har karɓar satifiket

Duk wanda ya ji an ce aikin kula da mutane sai ya ɗauka ai wankan tsofaffi ne da ba su abinci, wa zai kasa. Ni ma haka na ɗauka kafin na shiga. Sai da na yi sati biyu ina bin wata babbar ma'aikaciya gida gida ina kallon hannunta sannan na gane ashe sana'a ce mai ƙa'idojinta, kuma kuskure kaɗan a cikinta yana iya kwantar da mutum asibiti, ko ya karya masa zuciya wanda wannan ma ya fi wuyar gyara.

Bari in fara da fayyace aikin. Ma'aikacin kulawa ba nas ba ne ba kuma likita ba, shi ne wanda yake zuwa wajen mutum a gidansa, ko a gidan da ake zaunar da masu buƙatar kulawa, ko cibiyar da suke wuni, ya taimaka masa da abubuwan yau da kullum da jiki ko ƙwaƙwalwa suka fara gaza masa, tashi daga gado, wanka, sa kaya, banɗaki, cin abinci, shan magani, fita waje ya ga mutane. Waɗanda za ka yi wa aiki sun haɗa da tsofaffi, masu nakasa, wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, mai larurar ƙwaƙwalwa, mai ciwon mantuwa. Kuma buƙatar ƙaruwa take yi kullum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya wuce. Shiga ta hanyar koyon sana'a kuwa ma'anarsa kana aiki ana biyanka, kana karatu a gefe, a ƙarshe a gwada ka a ba ka satifiket, yawanci shekara ɗaya zuwa biyu ya danganta da ƙasa da matakin da ka shiga.

Mataki na farko, zauna da kanka

Kafin ka cika fom ko ɗaya ka tambayi kanka tsakani da Allah, zan iya canza wa babban mutum famfas ban yamutsa fuska ba? Zan iya jure a zage ni da safe in koma da yamma da fara'a? Zan iya aikin dare da na ƙarshen mako? Ƙyama kam tana raguwa, kusan kowa yana jinta a satin farko, wannan kada ta tsorata ka. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne gajen haƙuri da son a gama da wuri, in ka san kai mutum ne da in ana jan ƙafa a gabanka ranka ke ɓaci to ka yi tunani sosai, don aikin nan rabinsa jira ne, jiran tsoho ya ɗaura maɓallin rigarsa da kansa.

Mataki na biyu, neman gurbi

A koyon sana'a na gaskiya ɓangare uku ne, kai, da wanda ya ɗauke ka aiki, da makaranta ko cibiyar da ke horaswa ta ba da satifiket. In babu na ukun to aiki kawai ka samu, ba laifi ba ne amma ka san abin da ka shiga. Ka nemi gurbi wajen kamfanonin kula da mutane a gida, gidajen kula da tsofaffi, ƙungiyoyin masu nakasa, da shafin hukumar da ke kula da koyon sana'a a ƙasar da kake. Ƙasashe sun bambanta ƙwarai, a Ingila misali tun 2015 akwai wani horon farko da ake son sabon ma'aikacin kulawa ya kammala a watannin farko, a Jamus kuma cikakken horon jinya shekara 3 ne ana biyan ɗalibi, saboda haka ka bincika dokar inda kake.

Ranar intabiyu kai ma ka yi tambaya, kada ka zauna kamar an kawo ka kotu. Ka tambaya wace hukuma ce ta amince da satifiket ɗin, awa nawa a sati aka ware maka na karatu kuma ana biyan awannin ko a'a, kwana nawa za ka yi kana bin wani kafin a bar ka kai kaɗai, wa za ka kira in abu ya faru da tsakar dare, sannan in aikin gida gida ne shin ana lissafa lokacin tafiya tsakanin gidaje, wannan ta ƙarshen mutane da yawa ba sa tambaya sai ƙarshen wata su ga albashi ya zo a tsuke. Komai a rubuce a kwantiragi, ka karanta kafin ka sa hannu. Kuma don Allah duk ejan da ya ce ka kawo maƙudan kuɗi zai samo maka gurbi, musamman a wata ƙasa, ka ja baya ka bincika sunan kamfanin da kanka, an cuci mutane da yawa ta nan.

Za a nemi katin shaida, takardun makaranta, mutum biyu da za su tsaya maka, da takardar binciken 'yan sanda tunda za ka shiga gidajen masu rauni. Wasu wuraren za su tambayi rigakafi, musamman na ciwon hanta nau'in B. In ka taɓa jinyar kakarka ko mahaifinka ka faɗa a intabiyu da misali, abin da ka yi da abin da ya ba ka wuya, yana da nauyi sosai a wajensu.

Mataki na uku, makonnin bin wani

Nan za ka zama inuwar wani ma'aikaci. Ka sayi ƙaramin littafi da biro, ka rubuta tambayoyinka amma ban da sunan kowa a ciki, ka yi su bayan kun fito daga gidan, ba a gaban mutumin ba. Abu uku za a fara koya maka kuma kada ka raina ko ɗaya.

Wanke hannu, kafin ka taɓa mutum da bayan ka taɓa shi, kafin abinci, bayan banɗaki, bayan cire safar hannu. Da sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60 ne gaba ɗaya, da sanitaiza 20 zuwa 30, amma in akwai gudawa ko amai sabulu da ruwa za ka yi don sanitaiza ba ta kashe wasu ƙwayoyin. Safar hannu ɗaya aiki ɗaya, a yanke farce, a cire zobba da agogo.

Ɗaga mutum da juya shi, nan ne bayan ma'aikata ke lalacewa. Ba a ɗaga mutum ta hammata, yana iya goce masa kafaɗa musamman mai shanyewar ɓarin jiki, ba a barinsa ya rataya a wuyanka. Ka buɗe ƙafa, ka lanƙwasa gwiwa, ka matso kusa, ka faɗa masa abin da za ku yi ku ƙirga tare. A taka birkin keken guragu kafin a zaunar ko a tayar. In tsarin kulawarsa, wato takardar da aka rubuta yadda za a riƙa kula da shi, ya ce mutum biyu ne ko sai da injin ɗagawa to haka za a yi ko da an makara, kada ka yi jarumta. In kuma ya faɗi kada ka yi saurin ciccibarsa, ka duba ko ya bugu a kai ko ƙugu na ciwo ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ka kira taimako.

Sai taimakon gaggawa, wannan da hannu ake koyonsa a kan mutum-mutumin roba, karatu kaɗai ba ya isa. Wanda ya sume ba ya numfashi, danna ƙirji sau 30 hura iska sau 2, saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Wanda abinci ya shaƙe ya kasa tari, duka 5 a tsakanin kafaɗu sannan matsa ciki 5. Mai farfaɗiya ba a danne shi ba a sa masa komai a baki, a kawar da abin da zai ji masa ciwo a duba agogo, in ta wuce minti 5 a kira motar asibiti. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ka kira nan take ka riƙe lokacin da abin ya fara don likitoci za su tambaya.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne a wajena

Ka tuna gidansa ka shigo, jikinsa ne, rayuwarsa ce. Mutumin da ya yi shekara 70 yana wa kansa wanka yau ga baƙo zai tuɓe shi, ka sa kanka a wurinsa minti ɗaya kawai. Saboda haka ka ƙwanƙwasa, ka gaishe shi da sunan da yake so a kira shi, ka nemi izini kafin ka taɓa shi ko da jiya ka yi masa abin nan, ka rufe ƙofa da labule, ka lulluɓe inda ba a wankewa da tawul, ka gwada zafin ruwa kafin ya taɓa fatarsa. In ya ce shi namiji yake so ya yi masa, ko ita mace take so, haƙƙinsu ne ka kai maganar ofis. In ya ce yau ba ya son wanka ba a tilasta shi, ka lallaɓa, ka ba shi zaɓin a goge jiki kawai, in ya ƙi ka rubuta ka sanar.

A watana na biyu akwai wani dattijo da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kullum in na zo sai in karɓi cokali in ba shi a baki don in ya ci da hagu yana zubarwa kuma yana daɗewa, ni a ganina taimako nake. Ranar da mai duba aikina ta zo ta tsaya tana kallo ba ta ce komai ba, da muka fito ta tambaye ni, kafin ka fara zuwa wa ke ba shi? Na ce shi yake ci da kansa. Ta ce to yanzu fa? Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, a sati uku na raba bawan Allah da abu ɗaya da ya rage yana yi wa kansa. Washegari na miƙa masa cokalin na gyara masa zama na sa tawul a cinyarsa na zauna, ya ɗauki kusan minti 40, ya zubar da wani, amma ya cinye kuma ranar ce ya fara yi min hira. Tun daga nan duk ɗan koyon da aka haɗa ni da shi abin da nake fara faɗa masa ke nan, abin da mutum zai iya ka bar shi ya yi, kai ka cike inda ya gaza. In zai iya wanke fuskarsa ba shi soson, in zai iya zaɓar riga nuna masa biyu ya zaɓa. Wajen sa kaya ana fara sa hannun da ya shanye, wajen cirewa kuma a fara da mai lafiyar.

Wajen cin abinci a zaunar da shi a miƙe, loma ƙanana, kada a haɗa shi da surutu yana haɗiya, ya ci gaba da zama kamar minti 30 bayan ya gama. Yawan tari lokacin ci ko murya ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro alama ce haɗiya ta samu matsala, a sanar.

Mataki na biyar, ido da biro

Likita yana ganinsa minti goma a wata, kai kana ganinsa kullum, don haka kai ne za ka fara ganin canji. Ka san lambobin da aka saba, bugun zuciyar babba a hutu 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen digiri 37, in ya kai 38 zazzaɓi ne. Mai ciwon suga in sugansa ya sauka ƙasa da 4, ko ƙasa da 70 in na'urar gwajin da ɗaya ma'aunin take aiki, za ka ga gumi da rawar jiki da ruɗewa. Tsohon da jiya lafiya lau yau ya ruɗe bai san inda yake ba kada ka ce tsufa ne, sau da yawa ƙwayar cuta ce a fitsari ko ƙirji, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani.

Gyambon kwanciya kuma ka sa masa ido sosai. Yana fitowa inda ƙashi ke danne fata, dunduniya, ƙasan baya wajen mazaunai, ƙugu, kafaɗa, gwiwar hannu, har kunne. Littattafai da yawa za su ce ka nemi ja, to a baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi shuɗi shuɗi, ko ka ji ya fi kewayensa zafi ko tauri, don haka ka duba da haske mai kyau ka kuma taɓa. Kada ka murza wurin, ka ɗauke nauyi daga kansa ka sanar ranar. Wanda ba ya iya juyawa ana juya shi yadda tsarinsa ya ce, galibi duk awa 2 zuwa 4, zanin gado ya zama a bushe ba tattara.

Rahoto kuwa ka rubuta abin da ka gani da abin da ka ji, da lokaci, da sa hannunka, kafin ka bar gidan. Kada ka rubuta yau ya yi rigima, ka rubuta ya ƙi wanka da ƙarfe 8, ya ce ƙafarsa ta hagu na ciwo, na sanar da ofis 8:20. Kada ka taɓa rubuta abin da ba ka yi ba, in ka yi kuskure a takarda ja layi ɗaya ka sa hannu, ba a gogewa.

Magani ba ka taɓa shi sai an horar da kai an kuma tabbatar a rubuce ka iya. In an kai nan, kowane lokaci ka duba mutumin ne, maganin ne, adadin ne, lokacin ne, hanyar shan ce, sannan ka sa hannu bayan ya sha ba kafin ba. Ba a daka ƙwaya ko buɗe kafso sai likita ko mai haɗa magani ya ce, ba a ninka wanda aka manta. In ka yi kuskure ka faɗa a take, na san tsoro ake ji amma ɓoyewar ce ke kashe mutum.

Ɗan bayani kan ciwon mantuwa

Za ka haɗu da shi ko ba jima ko ba daɗe, masu shi a duniya sun haura miliyan 55 kuma cutar Alzheimer ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Wani masani a jami'ar Bradford mai suna Tom Kitwood shi ya yi fice a shekarun 1990 wajen cewa a fara ganin mutumin kafin ciwonsa, kuma a aikace haka abin yake. In tsohuwa ta ce za ta tafi wajen mahaifiyarta da ta rasu shekaru da yawa, kada ka ce ai ta mutu, za ta ji mutuwar sabuwa fil kamar yau aka yi, ka ce ba ni labarinta, me take yi miki, sau da yawa kewa ce ko tsoro ke damunta. Ka zo ta gabanta, ka sauko daidai idonta, magana ɗaya a lokaci ɗaya. In ta yi faɗa ko duka ka nemi dalili, ciwo ne, fitsari ne ya matse ta, hayaniya ce ta yi yawa, ko ruwan ne da sanyi.

Mataki na shida, iyaka da amana

Za ka shaƙu da mutane, dole ne, amma kada ka karɓi kuɗi ko babbar kyauta, kada ka ci bashi ko ka bayar, kada ka riƙe katin bankin kowa sai in tsarin ya yarda kuma da rasit, kada ka ɗauki hoto ka sa a WhatsApp ko Facebook ko da da kyakkyawar niyya. Sirrin gidan mutane ya tsaya a wajen aiki, ko a gidanku ba a ba da labari da suna. Amma akwai sirrin da ba a riƙewa, in ka ga tabon duka da ba a san dalilinsa ba, ko yana firgita in wani ya shigo, ko kuɗinsa na ɓacewa, ko ana barinsa cikin fitsari, ko ya faɗa maka ana cutar da shi, kada ka yi alkawarin yin shiru kuma kada ka tsaya bincike da kanka, ka rubuta kalamansa yadda ya faɗa ka kai wa shugabanka ranar. Ko abokin aikinka ne ya yi, ko wanda ke koya maka. In shugaban ya share maganar akwai hukumar da ke sama da shi, ka nemi lambarta tun satin farko.

Mataki na bakwai, karatun da gwajin ƙarshe

Yawancin masu yankewa a hanya ba aikin ne ke kayar da su ba, fayil ne. Za a ce ka tara shaidar abin da ka iya, rubuce rubuce, rahoton wanda ya kalle ka kana aiki, satifiket na ƙananan horo, da bayanin abin da ka koya daga wani abu da ya faru. Ka ware awa biyu ko uku kowane sati ka rubuta tun abin na da ɗumi, ka cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum. In an cinye maka lokacin karatu da duti saboda ƙarancin ma'aikata ka yi magana da malaminka da wuri, kada ka bari sai wata na goma.

A ƙarshe galibi mai tantancewa zai zo ya kalle ka kana aiki da izinin mutumin, sannan ku zauna ya yi maka tambayoyi, wani wurin har da jarrabawa. Ranar kada ka canza komai, ka yi yadda ka saba, ka yi wa mutumin magana ba mai tantancewar ba. In an tambaye ka me za ka yi in kaza ya faru ka kawo misali na gaske daga aikinka, in kuma abu ya fi ƙarfin matsayinka amsar ita ce zan tabbatar yana cikin aminci in kira na sama da ni, wannan amsa ce mai maki.

Ka kula da kanka ma, takalmi mai rufi mara santsi, ruwan sha, barci bayan aikin dare, in aikin gida gida ne ofis su san inda kake kuma wayarka da caji. Wata rana wanda ka saba da shi zai rasu, za ka ji abin har cikin ƙashi, ka yi magana da shugabanka ko abokin aiki, kuka ba gazawa ba ne.

In satifiket ya fito ka yi kwafi ka adana tare da na ƙananan horon, ka lura da ranar ƙarewarsu don irin su taimakon gaggawa da ɗaga mutum ana sabunta su lokaci lokaci. Daga nan za ka iya hawa mataki na gaba ka zama babban ma'aikaci mai jagorantar wasu, ko ka ƙware a ɓangare ɗaya kamar ciwon mantuwa ko kula da masu jinyar ƙarshen rayuwa, ko ka bi ta nan ka shiga karatun nas ko aikin walwalar jama'a, sai ka tambayi makarantar da kake so tun yanzu ko tana karɓar satifiket ɗin da za ka samu.